Firji Uku a Asibiti Ɗaya

A tashar Ƙafin Maiyaki, wata mai goyo ta dubi malamin asibitin da ke jiran mota kusa da ita.

"Malam, wai firji uku gare ku?"

"Uku cif! Ƙungiyoyin Turawa uku suka zo daban-daban, kowacce na ce mata firji muke so. Ina na san duk za su kawo?"

"Mu kuwa a ƙauyenmu allurar ƙyanda lalacewa take don zafi. Ku ba mu ɗaya mana."

"Haba baiwar Allah! Kowanne da sunan masu shi, kuma duk wata shida sai sun zo dubawa."

Ta gyara goyonta. "Ashe firji ya fi ɗana gata. Shi har zuwa ake duba lafiyarsa."