Na Hana Rahila Zuwa Sukur

Iyaye mata, ku saurara da kyau: in ɗanku ya roƙi ya je ya ga wani wuri, kada ku ce masa sai baɗi.

Malam mai gabatarwa, ina gaishe ka daga Mubi.

Babbar 'yata Rahila tana sakandare makarantarsu ta shirya kai su Sukur, can gaba da Michika, su hau tsohuwar hanyar nan ta duwatsu, su ga fadar sarkin wurin. Ta durƙusa ta ce, “Mama, wuni ɗaya ne fa.” Na ce, “Yarinyar kirki ba ta yawon banza. Dutse gudu yake yi? Zai jira ki.”

Ashe mu ne za mu gudu. Ranar da 'yan bindiga suka shigo gari, muka bi ta Sahuda a ƙafa zuwa Kamaru. Zazzaɓi ya kama Rahila a hanya, a can muka binne ta.

Da muka dawo, na tsinci takardar izinin tafiyar a cikin littafinta. Ta cike komai da kanta, wurin sa hannuna kawai ta bari.

Yanzu doka ce a gidana: Asabar ɗin farkon wata ba a hura wuta. Ni da ƙannenta uku mu je kallon kasuwar shanu ko bakin mayo, wato kogi, mu ci tuwon dawa da miyar yakuwa a gidan abincin bakin tasha. Wanda ya ce ya gaji, ya gaji a hanya.