Ƙwan Kififiyar da Na Juya

Assalamu alaikum, Malama mai gabatarwa. Gurbin kififiya ɗaya ya rage bai ƙyanƙyashe ba a bakin gulbinmu, kusa da Shinkafi, kuma ni na taɓa shi.

Mutanen ƙauyenmu sun hana ɗibar ƙwan kififiya, sukan kewaye kowane gurbi da ƙaya. Na kai baƙina kallo, suka nemi hoto, sai na ɗage ƙayar, na tono ƙwan, na jujjuya su, na mayar.

Sarkin ruwa ya ce, "Malam, duk karatun nan naka? In an juya shi, ɗan da ke ciki mutuwa yake yi."

Masu sauraro, akwai wanda ya taɓa ganin irinsa ya tsira? Sarkin ruwa ya ce a jira mako guda. Yau kwana huɗu, rairayin bai motsa ba.