Sanarwar da Ban Ji Ba

Mai girma shugaban taro, Alhaji Mijinyawa, wanda na san isowarsa tun daga bakin ƙofa saboda turarensa, Rabaran Meshak da sauran bayin Ubangiji, limamanmu da malamanmu, masu unguwanni, iyayena da ƙannena na Zumuntar Mata, 'yan'uwana makafi da aka zaunar a layin gaba yau, abin da ba kullum ake yi mana ba, jama'ar Kafanchan, da baƙinmu na Kagoro, da waɗanda suka taso tun daga Kujama da Kasuwan Magani: ina gaishe ku duka, sannunku da zuwa.

Sunana Afiniki Kumai. Shekara talatin na yi ina koyarwa a firamare, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan da ciwon ido ya rufe mini gani. Ina godiya ga ƙungiyarmu ta zumuncin gari da ta ba ni wannan dama a ranar buɗe shafinta na sanarwa a intanet. An ce mini minti goma zan yi. Wanda ya ba tsohuwar malama lasifika ya ce minti goma, shi ya san abin da ya jawo wa kansa.

Kafin in yabi shafin nan, bari in gaya muku abin da ya sa na shiga maganarsa, ni da ban san kan kwamfuta ba.

Ina da ƙawa a Kagoro, sunanta Yemima. Tare muka yi makarantar mishan, tare muka shiga ƙungiyar mawaƙan ikkilisiya, ita da siririyar murya, ni da tawa mai kauri. Tun muna 'yan mata muka yi alkawari, muna dariya, cewa duk wadda ta riga tafiya, ɗayar za ta tsaya a bakin kabarinta ta ɗaga mata waƙa. Da idona ya tafi, Yemima ta ce, “Afiniki, kada ki ce kin sami hujja fa. Waƙa ba da ido ake yin ta ba.”

Kun san al'adarmu a nan. Idan an yi rasuwa, sai a kai wa mai zane, ya haɗa fosta mai kyau: hoton mamaci a tsakiya, furanni a gefe, ranar jana'iza da wurin duk a cikin zanen. Sai a tura a gurup ɗin waya, kowa ya tura wa na gaba. Ni kuma wayata magana take yi mini. Ina shafa ta da yatsa, tana karanta mini abin da aka rubuta. Amma idan ta iso kan fosta, kalma ɗaya take faɗa: “Hoto.” Shi ke nan. Kuma ku iyayena mata, Allah ya yi muku albarka, kowace safiya sai kun turo hotunan furanni na barka da asuba, ashirin, talatin. Wayata ta ce hoto, hoto, hoto, ni kuma in wuce, in wuce, in wuce.

Bara, a watan Nuwamba, fostar Yemima ta shigo tsakanin furannin nan. Sau shida aka turo ta. Sau shida na sa yatsa na wuce ta.

Bayan kwana tara na kira lambarta don in tsokane ta, in ce ta manta da ni. 'Yarta Paulina ce ta ɗauka. Ta ce, “Mama, ba ki sani ba? Mun binne ta ranar Asabar. Mun yi ta duba hanya, mun ce ko ba ki da lafiya ne.” Na ce, “Paulina, wa ya gaya mini?” Ta ce, “Mama, ai an sa a gurup.”

Jama'a, ban riƙe kowa a zuciya ba. Babu wanda ya ɓoye mini, babu wanda ya ƙi ni. Kowa ya ɗauka na gani, domin kowa ya gani. Amma na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da likita ya ce idona ba zai dawo ba. Na karya wa ƙawata alkawari, ina zaune a ɗakina da sanarwar mutuwarta a tafin hannuna.

Saboda haka da na ji ƙungiya ta ɗauki injiniyoyi biyu, Clinton Asher da Fatimatuzzahra'u Jamiluddeen, su gina mana shafi ɗaya na sanarwar rasuwa da aure da suna da taro, sai na hau acaɓa na same su a ofis. Suka tarbe ni da ladabi, suka ce, “Mama, mun kusa gamawa, ya yi kyau sosai.” Na ce, “Madalla. Ku buɗe shi a waya ku ba ni.” Na kunna mata magana, na kwance ɗankwalina, na rufe fuskarta, na miƙa wa Clinton. Na ce, “Ɗana, nemo mini ƙarfe nawa ne jana'izar gobe.” Bawan Allah ya shafa, ya shafa. Wayar tana ta cewa, “Madanni. Madanni. Hoto.” Can sai na ji numfashinsa ya canja. Na ce, “Kada ka ɗaga ɗankwalin nan, ina jin ka.” Fatimatuzzahra'u ta yi ta dariya, har na ce ita ma ta karɓa. Dariyar ta tsaya.

Yabon gwani ya zama dole. Yaran nan ba su yi fushi ba, ba su ce tsohuwa ta cika fitina ba. Suka rushe aikin wata biyu suka sake, kuma duk ranar Laraba muna zaune tare, mu makafi huɗu da su biyu, ɗankwali a kan waya. Ga abin da muka koya, kuma ina so duk mai gina shafi a ƙasar nan ya ji.

Na farko, kada a bar magana a cikin hoto. Ku yi fostarku, ku sa furanninku, ba mu hana ba. Amma sunan mamaci, da rana, da wuri, da lokaci, a rubuta su da rubutu a ƙarƙashi. A shafin nan, idan ba ka rubuta ba, sanarwarka ba za ta hau ba. Na ji wasu sakatarorin ikkilisiya suna ƙorafi cewa an ƙara musu aiki. An ƙara, minti biyu.

Na biyu, kowane madanni ya faɗi sunansa, kuma a jera abubuwa yadda kunne zai bi. Ni ina shiga kasuwar Kafanchan ni kaɗai da sandata, domin na san bayan masu citta sai masu doya, bayan masu doya sai masu manja. Ranar da aka hargitsa layukan nan, na ɓata. Haka shafi yake a wurinmu. Sannan wannan jarrabawa ta “zaɓi hotunan da ke da mota don mu tabbatar kai mutum ne”, an cire ta. Shekarata sittin da bakwai, na haifi biyar, ba na'ura ce za ta ce mini ni ba mutum ba ce.

Na uku, aikin nan ba na makafi kaɗai ba ne. Shugaban taronmu, da izininka Alhaji, jikoki ne suke karanta maka saƙo tun da yanar ido ta fara rufe maka gani. Yanzu za ka iya ƙara girman rubutun da kanka. Akwai wanda haruffa ke yi masa rawa a ido tun yana yaro, muka yi ta dukansa a aji muna cewa daƙiƙi ne, Allah ya gafarta mana. Akwai uwar da ba ta yi boko ba. Dukansu za su danna wuri ɗaya su ji sanarwa da muryar mutum, da Hausa, kuma shafin ba ya cin data, yana buɗewa ko a bayan dutsen Kagoro.

Na ƙarshe shi ne babba: kada ku gina mana abu ba tare da mu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku kira mu tun ana aza tubali, kada ku bari sai ranar yanka kintinkiri.

Ku kuma 'yan'uwa, shafi ba zai ɗauke muku nauyi ba. Zumunta a ƙafa take. Idan kun san makaho ko tsoho da rasuwa ta shafa, ku kira shi, ku je ƙofarsa.

Shekaranjiya da safe ina gwada shafin nan a tsakar gidana, babu kowa kusa da ni. Na shafa, sai wayar ta karanta mini, kalma bayan kalma: addu'ar cika shekara ta marigayiya Yemima Boaz, ranar Asabar, ƙarfe goma na safe, a gidansu da ke Kagoro. Na sa ta maimaita sau uku. Ba wanda ya gaya mini, ni na karanta da kaina. Paulina tana cikin ɗakin nan, na ji muryarta ɗazu. 'Yata, ki gaya wa mutanen gida su bar mini wuri a bakin kabarin. Na makara da shekara guda, amma ina zuwa, kuma zan ɗaga waƙar.

Ubangiji ya albarkaci hannuwan da suka yi aikin nan. Ya ba Kafanchan da duk kudancin Kaduna zaman lafiya, Kirista da Musulmi, mai gani da marar gani. Ya ta'azantar da masu makoki, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Kun yi haƙuri da tsohuwar malama. Na gode.