Wasan da Ba a Buga Ba

A ɗakin jiran likitan gwiwa a garin Dayton na Amurka, wani dattijo ya ƙura wa wata dattijuwa mai suna Lorene ido.

"Baiwar Allah, da tsawon nan naki ai ƙwallon kwando ya kamata ki buga."

"Na buga. Shekara uku, a gasar ƙwararru ta mata."

"Kai! Mata na da gasa a zamaninmu?"

"Jikokina ma haka suke tambaya." Ta murza gwiwarta. "Mun kai wasan ƙarshe. Muna cikin mota za mu tafi, aka ce mu sauko, gasar ta rushe."

"Da kun ci kuwa?"

"Da mun ci mana. Mu goma sha biyu muka san haka. Yau saura mu biyu, ita kuma ɗayar ko sunana ba ta tunawa."