Motar da Ba a Tsayarwa

"Ai ɗan takararku ne ya zauna tabarma ɗaya da masu kashe mutane," in ji malamar makarantar. "Har da hoto!"

Dattijon da ke gefenta a bencin tasha ya yi murmushi. "Sulhu ya je nema, 'yata. Naku fa, da ya aika musu buhunan hatsi?"

"Wannan ai lallashi ne, don su bar manoma su shiga gona."

"To fa. Naku lallashi, namu cin amana. Laifi tudu ne."

Ta kau da kai. Motoci biyu ke lodi, kowacce da hoton ɗan takararta a gilashin baya, amma tashar ta yi tsit kamar gidan makoki. Can bayan dajin da maharan ke tare hanya mijinta yake jiranta, zuciyarta ma tuni ta riga ta isa.

"Wacce za ki shiga?"

"Mai hoton namu mana."

"Ayya." Ya dubi motar kamar mai kallon makara. "Wannan makon tamu ce mutanen dajin ba sa tsayarwa."

"Baba, ya aka yi ka sani?"

"Makon jiya da taku ke wucewa lafiya, wa kika tambaya? Kin ga ƙonanniyar motar nan a kwana, kika ce Allah ya kyauta, kika gyara mayafi."

Haka aka yi, kuma ba ta taɓa ganin mutumin nan ba.

Ta miƙe. "Direba, sauke mini jakata. Waccan zan shiga."