Tsarabar Japan

A tashar Ɗanbatta, shekarar da shinkafa ta gagari talaka, Barira mai ƙuli-ƙuli tana jiran motar ƙauyensu ta cika. Wani saurayi a gefenta sai buɗe ɗan kwali yake yi yana rufewa.

"Ɗan nan, zinare ne a ciki?"

"Alawar Japan ce, Inna. Mochi sunanta. Shinkafa suke dakawa, su cusa mata wake mai zaƙi. Tsaraba zan kai gida."

Barira ta leƙa. 'Yan dunƙule shida ne, ko ƙwan zabi ya fi su girma.

"Oho, tuwon shinkafa ne ya hau jirgi. Ku nawa ne a gidan?"

"Mun haura talatin."

"Madalla. Sai a jera su kowa ya sansana. Maƙwabta kuma a aika musu da kwalin."

"Ai ba a samunta a kasuwa. Maigidana, mutumin Japan, shi ya ba ni da hannunsa ranar da zai koma ƙasarsu."

"Ya koma? To, aikin naka fa?"

Saurayin ya rufe kwalin a hankali.

"Ya ƙare. 'Yan gida ba su sani ba tukuna. Kin san yara, da sun hango mutum jakarsa suke fara kamawa."

Barira ta dubi ƙulinta. Tun safe ba wanda ya taya.

"Buɗe jakar. Kada ka ɗauka kirki ne, nauyi nake ragewa."

Ta juye masa rabi.

"Inna, me zan ce musu?"

"Ka ce shi ma daga Japan yake. Gyaɗa suke dakawa."