Nonon Ɓangaren Uba

SAWSAN: Salamu alaikum. Ummu Marwan?

AFAF: Wa alaikumus salam. Wa ke magana?

SAWSAN: Ni ce, Sawsan.

AFAF: Wace Sawsan? Mai ɗinkin labule?

SAWSAN: Sawsan matar yayanki Midhat. Haba Afaf.

AFAF: Au, matar Yaya. Yi haƙuri, na sauya waya, lambobin da ba sa kira ba su biyo ni ba. Ina wuni?

SAWSAN: Lafiya lau. Ya gida? Ya garin Tanta?

AFAF: Alhamdulillahi.

SAWSAN: Ya Abu Marwan? Ya shago?

AFAF: Yana can yana sayar da alewa, ƙudaje na taya shi. Ya Iskandariyya? Ya teku?

SAWSAN: Teku na nan. Ya Mama da ƙafa?

AFAF: Da sauƙi. Jiya ma ta tambayi ɗanta.

SAWSAN: Ya yara? Marwan ya shiga makaranta ko?

AFAF: Tun bara.

SAWSAN: Masha Allah. Ƙaramin fa, Badar? Ya girma ko? Kin... kin yaye shi?

AFAF: Na yi me? Layin na yankewa.

SAWSAN: Na ce kin yaye shi?

AFAF: Shekara ɗaya da rabi ba ki kira ni ba, yau kin kira ki ji labarin ƙirjina?

SAWSAN: Tambaya ce kawai.

AFAF: To. Ya yarinyar?

SAWSAN: Tasnim sunanta.

AFAF: Na sani. Ina wurin ranar da kuka ɗauko ta daga gidan marayu, ni na riƙe jakar kayanta. Ya take?

SAWSAN: Lafiya lau, tana gudu yanzu. Tana cewa Baba. Afaf, an samu matsala.

AFAF: Hukuma ce? Za su karɓe ta?

SAWSAN: A'a, matar ofishin ta zo dubawa, ta buɗe firij, ta leƙa banɗaki, ta sha shayi ta tafi. Maganar shayarwa ce. Kin tuna ƙanwata Nagwa ta shayar da ita?

AFAF: Ya za a yi in manta? Na ce kawo ta in ba ta, ina da goyo. Kika ce a gaban Mama, nonon gidanku ya ishe ku.

SAWSAN: Ba haka na faɗa ba.

AFAF: Haka kika faɗa, kina yanka albasa.

SAWSAN: To, na ji. Ranar Juma'a Midhat ya tsaya gaisawa da liman, yana ta alfahari wai mun yi komai bisa shari'a, ba mu ba ta sunansa ba, ba mu ce ɗiyar cikinmu ce ba, har an shayar da ita. Liman ya ce wa ya shayar? Ya ce ƙanwar matata. Sai liman ya ce mace ce ko namiji?

AFAF: Uhum.

SAWSAN: Wai da namiji ne, da an yi daidai, na zama innarsa, ba sai na rufe kai a gabansa ba. Amma tunda mace ce, Midhat ne ke bukatar dangantakar. Nonon Nagwa ni ya haɗa da ita, shi bai ba shi komai ba.

AFAF: Wato an yi miki maganin ciwon da ba kya yi.

SAWSAN: Afaf, ba abin dariya ba ne.

AFAF: Kin ji na yi dariya?

SAWSAN: In ta balaga sai ta sa mayafi a gabansa. A cikin gidanta! Ba zai rungume ta ba, ba za su zauna su biyu ba in na fita kasuwa. Mutumin da take hawa wuyansa tana jan kunnensa. Tun Juma'a yana baranda yana kallon motoci, ko miyar mulukiya bai taɓa ba.

AFAF: Yaya ya bar mulukiya? Lallai abin ya kai.

SAWSAN: Liman ya ce sai mace daga ɓangarensa. In 'yar'uwarsa ta shayar da ita, ya zama kawunta, shi ke nan har abada. Sau biyar, kowanne sai ta ƙoshi. Amma kafin ta cika shekara biyu.

AFAF: Yaushe za ta cika?

SAWSAN: A takarda, wata mai zuwa. Amma ai kin san a ƙofar asibiti aka tsince ta, likita ne ya duba ta ya kimanta ya rubuta. Kuma liman ya ce da watan sama ake lissafi. Ƙila ma saura kwanaki, ba wanda ya sani. Halo? Afaf? Kina ji na?

AFAF: Ina ji. Me ya hana shi Yayan kira na da kansa?

SAWSAN: Ya ce wadda ta rufe ƙofa ita za ta ƙwanƙwasa.

AFAF: Karon farko da na ji ya faɗi abin hankali. To kin san abin da kike roƙo? In ta sha, 'yata ce. Mijina Sabri ubanta ne, sai na nemi izininsa, don nonon ma an ce nasa ne, ko da yake ban taɓa ganin ya tashi ba da shi ba. Marwan da Badar yayyenta ne. Mama kakarta ce ta gaske, za ta sa baki a komai, har tsawon siket.

SAWSAN: Na sani.

AFAF: Kuma shi ne abin da kika guda tun farko.

SAWSAN: Shi ne. Shekara tara ina bin likitoci, Afaf. Har Mama ta ce mu je waje mu yi hayar cikin wata mata ta haifa mana, sai da aka ce mata haramun ne ta ce ai wasa take. Da na samu yarinyar nan, ba ta da sunan mijina, ba ta da gadonsa, hukuma na iya zuwa ta ce a dawo da ita. Ni kuma ba ni da komai a jikinta, ko ɗigo. Sai na ga in kika ba ta nono, duk danginku sun sami rabo a cikinta, ni kaɗai ce baƙuwa. Har yau Mama da sunana take kira na, Sawsan, ba uwar wance ba, kamar yarinyar maƙwabta nake reno. Tsoro na ji, wallahi, ba raini ba.

AFAF: Da kin faɗi haka ai da ba a kai nan ba.

SAWSAN: Yanzu dai gaya min gaskiya. Badar ya kusa shekara biyu da rabi, na san kin yaye shi. Ko akwai wata a danginku mai goyo? Ko a ƙauye ne zan je.

AFAF: Dakata. Badar! Sauka daga kan tebur! Zo nan, gaya wa matar kawu me ka sha da safe. ... Ya gudu. Nono ya sha.

SAWSAN: Har yanzu?

AFAF: Haƙoransa sun cika baki. Yana cin tasa guda ta wake, ya goge baki, ya zo ya ce Mama don Allah. A cikin motar haya ma ya taɓa roƙa, da sallama. Surukata ta ce zan raka shi jami'a.

SAWSAN: To me ya sa ba ki...

AFAF: Hulba nake sha safe da yamma kada ya ƙafe. Gumina hulba, filona hulba, Sabri ya ce kamar da shagon mai kayan yaji yake aure. Sau biyu na sayo maɗaci zan shafa, na mayar cikin kabad.

SAWSAN: Afaf... kin sani?

AFAF: Tun ranar albasa. Kowace tsohuwa a Tanta ta san mace ɓangaren uba ake kai ta. Ku ne mutanen birni.

SAWSAN: Kika yi shiru?

AFAF: In kira ki ki ce ina son ƙwace miki 'ya? Na ce bari in ajiye kayan, mai shi zai zo. Na ba ki zuwa Babbar Sallah, daga nan da kaina zan hau jirgin ƙasa in zo in ba ta a gabanki, ki kai ni kotu.

SAWSAN: Ban san me zan ce ba. Allah ya...

AFAF: Kada ki fara min kuka, katinki ne ke tafiya. Sabri ya yarda tuntuni, shi dai a daina hulba. Ki hau jirgin safe gobe. Kada ki cika mata ciki a hanya, ki kawo ta da yunwa. In ta ƙi kamawa a tatsa a kofi, na tambaya, ya halatta.

SAWSAN: To me za ta riƙa kiran ki?

AFAF: Gwaggo mana. Ni aikina sau biyar ne, sauran naki ne. Badar! Na ce ka sauka! Kai dai jibi an sallame ka daga aiki. Sai kin zo, Ummu Tasnim.

SAWSAN: Me kika ce? Afaf, layin ne, sake faɗa.

AFAF: Kin ji sarai. Wake na ƙonewa.